Yadda ake buga tsofaffin wasannin Windows da mod ɗinsu a kan Linux, da misalin GTA San Andreas

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta janye hannunta daga kula da Windows 10 yadda ta saba, ita kuma Windows 11 ta ce sai kwamfutar da ke da guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesan Intel na ƙarni na takwas zuwa sama ko makamancinsa na AMD. Yawancin laftof ɗin hannu da ke yawo a wajenmu, irin su EliteBook da ThinkPad da Latitude na shekarun 2012 zuwa 2016, ba su cika wannan sharaɗi ba. Shi ya sa mutane da dama suka koma Linux Mint ko Ubuntu. Aikin ofis da intanet ba sa ba da wahala a can. Inda ake cijewa shi ne wajen gem: ina GTA San Andreas ɗina, ina mod ɗina, wato ƙarin kayan da 'yan wasa ke ƙirƙira, irin motocin da na zuba masa, ina CLEO mai ƙara wa wasan sabbin dabaru?

Duk suna aiki, kuma a tsohuwar kwamfuta wani lokaci sun fi lafiya a Linux. Zan bi San Andreas daga farko har ƙarshe saboda ya tara kusan duk matsalolin da tsohon wasa ke zuwa da su. Wanda ya iya shi zai iya Need for Speed Most Wanted na 2005 da PES 6 da ire-irensu. Umarnin da zan kawo na Linux Mint 22 ne da Ubuntu 24.04.

Mai yin aikin shi ne Wine, manhajar da aka fara tun 1993. Ba wata kwamfuta yake ƙirƙira a cikin taka ba. Idan wasa ya nemi wani abu a wajen Windows, misali ya buɗe fayil ko ya zana hoto da DirectX, Wine ne ke karɓar buƙatar ya miƙa wa Linux ta hanyar da za ta gane. Saboda haka ba ya cin ƙarfin na'ura sosai. Proton da kamfanin Valve ya fitar a 2018, wanda Steam Deck ke amfani da shi, Wine ne aka ƙara wa kayan aiki.

Mataki na farko: girka Wine da direbobin 32-bit

San Andreas ya fito a kwamfuta a watan Yuni na 2005, wasan 32-bit ne, Linux ɗinka kuwa 64-bit ce. Dole a ƙara mata ɓangaren 32-bit. Buɗe Terminal ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

sudo dpkg --add-architecture i386
sudo apt update
sudo apt install --install-recommends wine wine32:i386 winetricks
sudo apt install libgl1-mesa-dri:i386 mesa-vulkan-drivers:i386 mesa-utils vulkan-tools

Layin ƙarshe kada ka tsallake shi. Idan babu direban hoto na 32-bit, wasan zai buɗe da baƙin allo, ko ya riƙa tafiya kamar hawainiya saboda furosesa ce ke ɗaukar aikin katin hoto. Mai katin Nvidia ya shiga Driver Manager ya sa direban kamfanin. Masu Intel da AMD sun gama da wannan layin. Kayan suna da ɗan nauyi, gara a sauke su da daddare lokacin da data ke araha.

Mataki na biyu: kowane wasa da ɗakinsa

Wine yana ajiye wata ƙaramar Windows ta wucin gadi a cikin folda, da drive_c ɗinta da rajistarta. Ana kiran wannan folda prefix. Idan ba ka ce komai ba, duk abin da ka girka zai tafi wuri guda, wato ~/.wine, kuma nan ne akasarin mutane ke shuka wa kansu wahala. Prefix guda ga wasanni goma kamar gidan haya ne mai mita ɗaya: wani ya jona abin da ya fi ƙarfin waya, kowa ya kwana a duhu. Saitin da ya gyara PES zai iya karya GTA, kuma ba za ka san wanne ne ya jawo ba. Ka ware wa kowane wasa nasa:

mkdir -p ~/wasanni
WINEPREFIX=~/wasanni/gtasa WINEARCH=win32 winecfg

Idan Wine ɗinka sabo ne ƙwarai ya ce bai yarda da win32 ba, cire WINEARCH=win32 ka sake. Prefix na 64-bit ma yana ɗaukar wasan 32-bit. Idan ya tambaye ka ko ya sauke Mono ko Gecko, San Andreas ba ya buƙatarsu, kana iya ƙi.

Taga za ta buɗe. A shafin Graphics ka sa alama a Emulate a virtual desktop, ka rubuta girman allonka, yawanci 1366 da 768 a irin laftof ɗin nan. Amfanin wannan shi ne idan wasan ya faɗi ba zai bar maka allo a murɗe da manyan hotuna ba. In komai ya daidaita daga baya kana iya cire alamar.

Abu ɗaya kuma: prefix ya zauna a ɓangaren Linux na hadis ɗinka. Kada ka kafa shi a ɓangaren NTFS da Windows ta bari, ko a kan filash. Waɗannan ba sa riƙe irin mahaɗan fayil da Wine ke ƙirƙira yadda ya kamata.

Mataki na uku: shigar da wasan, da maganar siga

In kana da faifan DVD ko hoton ISO ɗinsa, danna dama a kan ISO ka buɗe shi da Disk Image Mounter, ka shiga foldar da ta bayyana, ka buɗe Terminal a wurin:

WINEPREFIX=~/wasanni/gtasa wine setup.exe

Idan ya tambayi inda zai zauna, ba shi C:\GTASA. Gajeren suna mara tazara zai rage maka ciwon kai wajen rubuta umarni. In kuma wasan yana nan a girke a tsohuwar Windows ɗinka, ba sai ka sake girkawa ba. Kwafo foldar gaba ɗaya, kusan GB 4.7, ka ajiye a ~/wasanni/gtasa/drive_c/GTASA. San Andreas ba ya dogara da rajista kafin ya tashi.

Maganar siga tana da tarihi. Bayan rikicin Hot Coffee a 2005, wato mod ɗin da ya buɗe wani ɓoyayyen sashe na batsa a wasan, Rockstar mai wasan ta fitar da siga ta 2.0 da ke ƙin fayilolin da aka taɓa. Ta Steam, kasuwar wasanni ta Valve, ma daban ce, kuma a 2014 an cire mata wasu waƙoƙin rediyo saboda lasisinsu ya ƙare. A Oktoban 2021 aka janye tsohon wasan daga kasuwar Steam gabanin fitowar sabon gyaransa mai suna Definitive Edition, amma wanda ya riga ya saya yana nan da abinsa. Kusan duk mod da ka sani an gina shi ne a kan gta_sa.exe na siga 1.0 ta Amurka, domin mod ɗin yana taɓa takamaiman wurare a cikin ƙwaƙwalwar wasan, kuma waɗannan wuraren suna sauyawa daga siga zuwa siga. Fayil ɗin 1.0 yana kai kusan MB 14. Na Steam sunansa gta-sa.exe, da karan tsakiya. Idan sigarka ba 1.0 ba ce, nemi manhajar da ake kira downgrader ta mayar da ita baya, ka kunna ta a cikin wannan prefix ɗin. Ka sani cewa ajiyar wasan da ka yi a siga ta 2.0 ko ta Steam ba za ta buɗe a 1.0 ba sai an juya ta.

Yanzu gwada wasan tsurarsa, ba mod ko ɗaya:

cd ~/wasanni/gtasa/drive_c/GTASA
WINEPREFIX=~/wasanni/gtasa wine gta_sa.exe

Wannan cd ɗin ba ado ba ne. Wasan yana neman foldodin models da data da audio daga inda aka kira shi. Ka shiga, ka hau keken farko, ka ɗan zaga unguwa, ka tabbatar akwai sauti. Idan ya ƙi tashi, je foldar Documents, cikin GTA San Andreas User Files, ka goge gta_sa.set. Saituna ne kawai a ciki, irin na allo da maɓallai, wasan zai ƙirƙiri sabo. Idan ya maƙale ya ƙi rufuwa, buɗe wata Terminal ka rubuta WINEPREFIX=~/wasanni/gtasa wineserver -k.

Da zarar ya yi aiki, kafin ka taɓa komai, ɗauki kwafi:

cp -r ~/wasanni/gtasa ~/wasanni/gtasa-asali

GB biyar ɗin da zai ci ya fi maka sauƙi a kan sake girki daga tushe duk ranar da wani mod ya ɓata maka gida.

Mataki na huɗu: ƙofar da mod ke shigowa

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan Linux ta bambanta da Windows. Wasan 2005 bai san wani abu wai shi mod ba. Dabarar da masu mod suka gano ita ce: idan wasa ya nemi fayil ɗin DLL, wato guntun manhaja da yake ara don wani aiki, Windows tana fara duba foldar wasan kafin ta duba tata. Sai su ajiye nasu DLL mai suna iri ɗaya a foldar wasan. Wasa ya ɗauke shi a zaton na gaske ne, shi kuma ya loda duk fayilolin .asi da ya gani, sannan ya miƙa ragowar aikin ga na ainihi. Wannan shi ne ASI Loader.

Wine kuwa yana da nasa DLL na cikin gida da ya rubuta don maye gurbin na Microsoft, kuma su yake fifitawa. Idan lodar mod ɗinka sunanta dinput8.dll, kamar yadda Ultimate ASI Loader ke zuwa, Wine zai ganta a foldar ya wuce ya ɗauki nasa. Wasan zai tashi lafiya lau, ba saƙon kuskure, ba komai, mod ne kawai babu. Mutane sukan kwana suna sauya mod alhali ba a taɓa loda shi ba.

Gyaran layi ɗaya ne. Buɗe winecfg na wannan prefix, shafin Libraries, rubuta dinput8 a akwatin, danna Add. Zai nuna native, builtin a gabansa, ma'ana a fara da wanda ke foldar wasa, in babu a koma na Wine. Ko kuma ka faɗa masa a Terminal:

WINEDLLOVERRIDES="dinput8=n,b" WINEPREFIX=~/wasanni/gtasa wine gta_sa.exe

Dokar ta shafi duk DLL mai sunan Windows da mod ya kawo: d3d9, d3d8, dsound, winmm, version, ddraw. In sun fi ɗaya ka jera su da waƙafi, "dinput8,d3d9=n,b". Facin faɗin allo na Most Wanted ma da dinput8.dll yake zuwa, maganinsa ke nan.

San Andreas yana da wata sa'a a nan. Lodar wani mai mod da ake kira Silent da wadda CLEO 4 ke zuwa da ita suna fakewa ne da sunan vorbisFile.dll, fayil ɗin sauti na wasan kansa, wanda Wine ba shi da irinsa. Ita ba ta buƙatar wani saiti. Amma ka zaɓi loda ɗaya tak, kada ka haɗa biyu.

In kana shakka ko an loda ko ba a loda ba, tambayi Wine da kansa:

WINEDEBUG=+loaddll WINEPREFIX=~/wasanni/gtasa wine gta_sa.exe 2>&1 | grep -i -E "dinput8|asi"

Kowane layi zai ƙare da native ko builtin. Idan ka ga dinput8 da builtin kaɗai, saitinka bai kama ba.

Mataki na biyar: jerin da nake ba da shawara

Bayan loda, SilentPatch ne farko. Shi ke gyara linzamin da ke daskarewa a tsakiyar wasa da tarin kurakuran da Rockstar ta bari, kuma yana mayar da Frame Limiter ya tsaya a hotuna 30 a daƙiƙa maimakon 25 da wani abu. Ka bar Frame Limiter a kunne. An ɗaure lissafin motsin wasan da yawan hotunan da yake nunawa a daƙiƙa, don haka in ka kashe shi iyo zai koma jan ciki, tuƙi ya sauya, wasu ayyukan su gagara. Sai facin faɗin allo na ThirteenAG, don kada mutane su zama gajeru masu faɗi. Sai CLEO, wanda fayilolin .cs ke shiga foldarsa. Na ƙarshe Mod Loader.

Mod Loader ya cancanci a tsaya a kansa. A da, in za ka sauya mota sai ka buɗe models/gta3.img da IMG Tool ka cusa .dff da .txd a ciki, in ka yi kuskure fayil ɗin ya lalace. Yanzu sai dai ka buɗe folda a cikin modloader, ka ba ta suna, ka zuba kayan mod ɗin. In bai yi maka ba ka goge foldar, wasan ya koma yadda yake. A Linux wannan ya fi ko'ina amfani, domin ya raba ka da tsofaffin manhajojin gyaran IMG. Yana kuma rubuta abin da ya loda a modloader.log, wurin da za ka fara dubawa in an samu matsala.

Ka sa ɗaya, ka kunna wasa, ka gani, sannan na gaba. Na san da gajiya. Amma wanda ya zuba mod ashirin a tashi ɗaya wasa ya faɗi, ba shi da hanyar gane mai laifi sai ya kwashe su duka.

Wasu mod suna neman kayan DirectX 9 na Microsoft ko na Visual C++. Winetricks ne ke kawo su:

WINEPREFIX=~/wasanni/gtasa winetricks d3dx9

Wannan zai sauke kunshin DirectX na Yunin 2010, kusan MB 95, ya ajiye a ~/.cache/winetricks. Kwafe wannan foldar a filash. Duk wata kwamfuta da ka zuba mata ita a wuri guda ba za ta sake cin data a kansa ba, abin da masu shagon gyara da masu gidan gem za su so. Kada ka girka abin da takardar bayanin mod ba ta nema ba.

Tarko na biyu bayan na DLL: manya da ƙananan baƙaƙe

A Windows, Models da models folda ɗaya ce. A Linux biyu ne. Mai mod ya haɗa kayansa a Windows ya rubuta Data, wasanka kuma yana da data. Ka warware zip ɗin a kai, maimakon sabon handling.cfg ya danne tsohon, sai ka samu foldodi biyu gefe da gefe. Wine yana ƙoƙarin yin kamar Windows wajen neman suna, amma in ya tarar da biyu, wanda ya yi daidai da rubutun da wasa ya nema zai ɗauka, galibi tsohon. Sakamakon iri ɗaya ne da na DLL: shiru, ba canji. Ko kuma rabin mod ya shiga rabi bai shiga ba, wasa ya faɗi a wajen lodi.

Ka warware kowane mod a wata folda daban tukuna, ka daidaita sunayen da na wasan, sannan ka kwafa. Bayan kwafi rubuta ls a foldar wasan ka duba ko akwai tagwaye. Wata hanyar ita ce girka 7-Zip na Windows a cikin prefix ɗin ka riƙa warwarewa da shi, tunda ta hannun Wine zai rubuta, zai haɗe sunayen da kansa. Haka duk facin da ya zo a matsayin .exe, irin manyan facin PES masu sabunta 'yan wasa da riguna, a cikin prefix ɗin wasan za ka kunna shi. In ka danna shi sau biyu kawai daga foldar Downloads, ~/.wine zai tafi, ya ce bai ga wasan ba.

DXVK: ba kowa ya kamata ya sa ba

Za ka ga ana ta yabon DXVK, mai juya DirectX zuwa Vulkan, wata sabuwar hanyar zana hoto, kuma ya cancanci yabo a katin zamani. Sai dai sigoginsa na 2.0 zuwa sama suna neman Vulkan 1.3. Intel HD 3000 ba ta da Vulkan sam, HD 4000 da 4400 kuma nasu bai cika ba. Rubuta vulkaninfo --summary ka ga abin da kake da shi. In katinka tsoho ne, bar Wine da hanyarsa ta asali ta OpenGL, ta ishi wasan 2005 har da ragi. In sabo ne, winetricks dxvk. A ganina ENB da sauran mod masu ƙawata haske ba na laftof mai katin Intel ba ne, zafi kawai za su ƙara mata. Motoci masu nauyin zane kuma in sun yi yawa za ka ga tituna da gine-gine suna ɓacewa, saboda ƙwaƙwalwar da wasan ya ware wa lodi kaɗan ce. Open Limit Adjuster yana faɗaɗa ta.

Don kada ka riƙa dogon rubutu kullum, buɗe fayil mai suna gta.sh ka sa wannan:

#!/bin/bash
export WINEPREFIX="$HOME/wasanni/gtasa"
export WINEDLLOVERRIDES="dinput8=n,b"
cd "$WINEPREFIX/drive_c/GTASA"
wine gta_sa.exe

Sai chmod +x gta.sh. Lutris da Bottles suna yin duk wannan da maɓallai, kuma suna da kyau, amma wanda ya taɓa yi da hannu sau ɗaya zai gane abin da kowane akwati nasu ke nufi.

Mai wasan a Steam zai shiga Properties, ya zaɓi Proton a Compatibility, ya rubuta WINEDLLOVERRIDES="dinput8=n,b" %command% a Launch Options. In katin tsoho ne ya ƙara PROTON_USE_WINED3D=1 a farkon layin. Prefix ɗinsa yana steamapps/compatdata/12120/pfx, can ma ajiyar wasansa take.

Gargaɗi ɗaya da ba a cika faɗa ba: Wine ba katanga ba ne. Yana nuna wa manhajojin Windows duk hadis ɗinka a matsayin Z:, don haka .exe ko .asi mai ɗauke da ƙwayar cuta zai iya kaiwa ga takardunka da hotunanka. Ka sauke mod daga shafin mai shi, kuma kada ka taɓa kunna wine da sudo.

Wasannin da suka fi waɗannan tsufa, irin su Prince of Persia da Dangerous Dave na zamanin DOS, ba aikin Wine ba ne. Girka dosbox, zuba wasan a ~/dos, a cikin tagar DOSBox ka rubuta mount c ~/dos, sai c:, sai sunan fayil ɗin wasan. In ya cika gudu danna Ctrl da F11, in ya cika nawa Ctrl da F12. Wasu kuma an sake rubuta musu inji da ke tashi a Linux kai tsaye: OpenRA na Red Alert, OpenMW na Morrowind, GZDoom na Doom, kuma biyun ƙarshen suna ɗaukar mod da yawa ba tare da wata dabarar DLL ba. Kafin ka ɓata data a kan kowane wasa, duba sunansa a ProtonDB ko AppDB na WineHQ, inda waɗanda suka gwada ke rubuta saitin da ya yi musu aiki da irin katin da suke da shi.